Leo Tolstoy da Fagen Fama na Borodino

Leo Tolstoy (1828–1910) marubuci ne ɗan ƙasar Rasha wanda sai da ya shaƙi hayaƙin bindiga kafin ya rubuta labarin yaƙi. Mahaifinsa yana cikin sojojin da suka yaƙi Napoleon a 1812. Shi kansa ya bi yayansa zuwa yankin Kaukasus a 1851, ya shiga rundunar masu harba igwa. A ƙarshen 1854 ya isa Sevastopol, birnin da Faransawa da Ingilishi da Turkawa suka yi wa ƙawanya a Yaƙin Kirimiya, kuma a can ya fara rubuta labarai uku kan wannan ƙawanya.

A Sevastopol ne ya daina yarda da rahoton hafsoshi. Da birnin ya faɗi a 1855, an miƙa masa rahotanni sama da ashirin domin ya haɗa su wuri guda. Da ya karanta, sai ya tarar kowane hafsa ya rubuta abin da ake son ji, ba abin da idonsa ya gani ba. Shi ya sa daga baya ya riƙa yi wa manyan masana tarihi irin su Adolphe Thiers na Faransa kallon masu gina tarihi a kan ƙarya mai tsari.

Babban littafinsa, Voyna i Mir, wato Yaƙi da Zaman Lafiya, ya fara fitowa a mujalla a 1865, ya kammala a 1869. Yana tsaka da aikin, a watan Satumba na 1867, ya tafi Borodino, kimanin kilomita 120 yamma da Mosko. A nan ne rundunar Napoleon da ta Rashawa a ƙarƙashin Kutuzov suka gwabza ranar 7 ga Satumba, 1812, aka kashe ko aka raunata mutum kusan 70,000 a yini ɗaya. Tolstoy ya sauka a gidan ibadar mata Kiristoci wanda Margarita Tuchkova ta kafa a wurin da mijinta, wani janar, ya rasu. Kwana biyu ya yi yana zaga filin tare da ƙanin matarsa. Ya zana taswira, ya duba iya inda ido ke kaiwa, ya kuma lura da inda rana ke ɓullowa, wato a bayan Rashawa, tana dukan idon Faransawa. Abu ne da mai zaune a ɗakin karatu ba zai kula da shi ba.

Amfanin wannan ziyara ya bayyana a littafin. Mai karatu yana shiga faɗan ne ta idon Pierre Bezukhov, farar hula sanye da farar malafa, wanda ya tsinci kansa a tudun igwogin Janar Raevsky na Rashawa bai san gabas ba bai san yamma ba. Umarni kan taso daga manya, kafin ya isa al'amura sun sauya.

Tsofaffin sojoji ba su ji daɗin littafin ba. Avraam Norov, wanda ya rasa ƙafa a Borodino, ya zargi Tolstoy da rage wa jarumai daraja, haka ma Pyotr Vyazemsky. Kokensu yana da ƙamshin gaskiya, domin Tolstoy ya cika ƙasƙantar da Napoleon fiye da kima.

Da tsufa ya zo, sai ya koma kan yaƙin Kaukasus. Tsakanin 1896 da 1904 ya rubuta Hadji Murat, labarin wani jarumi Musulmi, na'ibin Imam Shamil, jagoran masu yaƙi da Rashawa a Kaukasus, kuma ba a buga shi ba sai a 1912, bayan rasuwarsa.