Tarihin Masu Nutso Neman Zinariya

Wanda duk ya bi ta ƙofofin masana'antun Sharaɗa, ko Calawa, ko Bompai da sassafe, zai iske samari tsaye jingim suna jiran a kira su aikin yini. Wanda aka kira ya shiga, wanda ba a kira ba ya nemi inuwa ya zauna, sai hira. A cikin hirar nan mukan ji ana ta zancen zinariya. Wani ya ce wansa yana Zamfara, wani ya ce nasa yana hamadar Nijar, wani kuwa ya fito da waya ya nuna hoton waɗansu Turawa da ke nutso cikin teku a ƙasar Alaska, suna zuƙo zinariya da mesa, ya ce da zai sami hanya da gobe ya tafi. To, da yake ku 'yan makaranta ku ne masu tsayawa bakin ƙofofin nan nan gaba, mun ga ya kamata mu ba ku tarihin wannan aiki tun daga tushe, domin wanda zai shiga ruwa ya san zurfinsa tun yana tudu.

Kakanninmu sun daɗe da sanin zinariya, amma a tafin hannu suka san ta, wajen ciniki. Ana haƙo ta ne can yamma, a Bambuk da Bure, ƙasashen da suka arzuta Mansa Musa Sarkin Mali, wanda ya tafi Makka a 1324. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo daga Mali zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, kuma an buɗe hanyar Gwanja zamanin Abdullahi Burja. Ta wannan hanya fatake suka riƙa kawo goro da garin zinariya daga ƙasar Asante, ana auna ta da miskali a Kasuwar Kurmi. Watau a zamanin nan Bakano shi ke riƙe da mizani, wani can shi ke shiga rami da rafi. Ku riƙe wannan magana, gama za mu komo mata.

Sai da Turawa suka zo al'amarin ya juya. A 1913 aka fara rubuta lissafin zinariyar da ake haƙowa a Nijeriya, amma abin bai kankama ba sai bayan 1931, shekarar da Ingila ta daina jingina fam ɗinta da zinariya, kuɗinta ya tashi. A 1934 Amurka ta tsai da kuɗin oza ɗaya a kan dala 35. Lokacin kuwa gyaɗa da auduga sun faɗi warwas, ga haraji ba ya jira. Sai mutane suka yi ta kwarara zuwa rafukan Minna, da Birnin Gwari, da Zamfara, da Yawuri, suna tsaye cikin ruwa yini zur suna rairayar yashi da ƙwarya. Bature ne ke da takardar izini, shi ke saye, shi ke yanka farashi. Da yaƙin duniya na biyu ya yi zafi, Japan ta kame Malaya inda Ingila ke samun kuza, sai a 1942 aka shiga ɗiban mutane tilas zuwa haƙar kuza a Jos, abin da tsofaffi ke kira ɗiban Gwamna. Wuraren zinariya suka zama kufai.

Bayan yaƙi wata ƙofa ta buɗe. A shekarun 1950 aka keɓe Bompai don masana'antu, daga baya a shekarun 1970 da bayansu aka ƙara Sharaɗa da Calawa. Aka kafa masaƙu, da majemu, da wuraren matsar mai, da na yin alewa, da robobi, da kwanoni. Yaro ya gama makaranta, ko ya baro ƙauye, ya sami aiki mai albashi a ƙarshen wata, ya yi aure, ya sayi keke. Shekaru masu yawa ba wanda ya ko tuna da rafukan Birnin Gwari. Amma daga 1986, da Gwamnati ta kawo tsarin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta zube, kayan aikin da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Ga wutar lantarki ba ta tsayawa, ga yadi mai araha yana shigowa daga Sin. Masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin haka kuɗin zinariya ya sake tashi: ozar da ba ta kai dala 300 ba a 2001 ta haura dala 1,800 a 2011. Jikokin masu rairaya suka koma inda kakanninsu suka bari.

Abin da ya biyo baya duk mun ji shi. A 2010 gubar dalma da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, domin a cikin gida ake niƙa dutsen, yara suna shaƙar ƙura. A 2014 aka sami zinariya a Jado, can arewacin Nijar, samari suka yi ta hawa motoci suna ratsa hamada. A watan Nuwamba na 2021 rami ya rufta a Garin Liman ta ƙasar Ɗan Isa, jihar Maraɗi, mutum 18 suka rasu nan take. Wannan labarin masu tudu ke nan. Yanzu sai mu juya ga masu ruwa.

Ko kun san dalilin da ya sa ake bin zinariya har ƙarƙashin ruwa? Nauyinta ne. Zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19, yashi kuwa bai kai sau 3 ba. Saboda haka in ruwa ya kwaso ta daga duwatsu, yashi ya wuce, ita sai ta nutse ta kwanta can ƙasa, a kan dutse ko laka mai tauri. Mai ƙwarya ba ya iya kaiwa gare ta in ruwa ya wuce wuya. Don haka Turawa suka ƙago jirgin yasa, watau jirgin da ke yashe gindin kogi kamar yadda ake yasar rijiya. Na farko manya ne, masu jerin bokitan ƙarfe da ke juyawa. Tun farkon ƙarni na 20 aka kai irinsu kogunan Ofin da Ankobra a ƙasar da yanzu ake kira Gana, kuma garin Dunkwa ya shahara da su. Waɗannan ba su bukatar mai nutso, sai lebura da makaniki. Ƙaramin jirgi mai mesa shi ya kawo mai nutso, gama dole a sami mutum a ƙasa wanda zai riƙe bakin mesar, ya kau da duwatsu, ya bi inda zinariya ta kwanta.

Inda wannan sana'a ta fi suna a teku shi ne garin Nom, a gaɓar Tekun Berin ta ƙasar Alaska. A 1898 aka ga zinariya a wani rafi kusa da wurin, a 1899 aka gan ta cikin yashin bakin teku, kafin 1900 ta ƙare dubban mutane sun kafa tantuna a gaɓar. Da ta tudu ta ragu sai aka bi ta cikin teku. Daga 1987 zuwa 1990 wani ƙaton jirgin yasa mai suna Bima ya yi aiki a can, sa'an nan aka tsai da shi don ba ya biyan kansa. Ƙananan jirage suka gaje shi, kuma a 2012 aka fara nuna aikinsu a talabijin, har hotunan suka iso wayoyin samarin Sharaɗa.

Ga yadda aikin yake. Jirgin dandamali ne a kan tankuna masu iyo, da inji mai zuƙo ruwa da yashi, da wani kwararo mai tsani-tsani a ciki inda zinariya ke maƙalewa yashi ya wuce. Mai nutso yana sauka da ƙarfe ɗaure a ƙugu don ya zauna ƙasa. Iskar da yake shaƙa daga wani inji take zuwa ta siririyar mesa, kuma ana tura masa ruwan ɗumi cikin rigarsa, in ba haka ba sanyi ya sandarar da shi. A sama akwai mai tsaro, wanda ke duba inji da mesa, yana sauraronsa. Da rani ake aiki a jirgi, 'yan watanni kaɗan. In teku ta daskare sai a huda ƙanƙara a sauka ta ramin. Baƙo ba ya fara da nutso. Da tsaro yake farawa, da wankin yashi, da gyaran inji, har mai jirgi ya ga hankalinsa. Yawanci kuma ba albashi, sai kaso daga abin da aka samu, ranar da iska ta hana fita kuwa ba kowa da komi. Ga shi babu hanyar mota da ta haɗa Nom da sauran ƙasar, sai jirgin sama ko na ruwa, abinci da makwanci suna da tsada ƙwarai, kuma baƙon da ba shi da takardar izinin aiki ta Amurka doka ta hana a ɗauke shi. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya samo muku wannan aiki daga Kano, ku tambaye shi waɗannan abubuwa ɗaya ɗaya ku ga ko zai amsa.

Amma fa ba sai an je Alaska ba. Irin waɗannan ƙananan jirage sun yaɗu a Afirka ta Yamma, a Kogin Kwara wajen Mali da Gini, da Kogin Faleme tsakanin Mali da Senegal, da kogunan Gana. A nan sau da yawa mai nutso ba shi da riga ta musamman, mesar iska kawai yake cije wa a baki, ruwan kuma ya yi jawur, ba ya ganin tafin hannunsa, da lalube yake aiki. Jiragen suna gurɓata ruwan sha, suna kashe kifi, balle ga zaibar da ake kama zinariya da ita, wadda guba ce. Shi ya sa dokar ma'adinai ta Mali ta 2019 ta haramta yasar koguna don zinariya, Gana kuma ta tura soja su kori masu yi tun 2017. Wanda ya shiga aikin da doka ta hana, in ya nakasa ba shi da inda zai kai ƙara.

Mu Hausawa ba baƙin ruwa ba ne. Sarkawan Kabi da Yawuri sun gaji kurme, ana kuma gwada shi a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934. Masu ɗiban yashi a Kogin Calawa su ma sun san halin ruwa da damina. Amma kurmen Basarke da numfashi ɗaya ne, ya sauka ya taso. Nutso da iskar inji wani ilmi ne dabam, ga kuwa dalili, ku da kuke koyon kimiyya. Kowane zurfin mita 10 yana ƙara wa jiki matsi daidai da na dukan iskar da ke bisanmu. Iskar da mutum ya shaƙa a zurfin mita 10, in ya taso bai fitar da ita ba, za ta kumbura ta ninka biyu, ta yaga huhu. Wanda ya daɗe a zurfi kuma ya taso da gaggawa, iskar da ta narke cikin jininsa takan yi kumfa kamar an buɗe kwalbar lemo, ta kama gaɓoɓi, ko ta shanye ƙafafu. In kuma bakin injin iska yana kusa da hayaƙin injin mai, sai a tura masa guba marar wari, ya suma a ƙasa ba wanda ya sani. Ga gefen ramin da yake haƙa, wanda kan rufto masa. Ƙarfin hali ba ya maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai koyo a hannun wanda ya sani, da mai tsaro wanda ba ya gyangyaɗi.

To, mu komo ga maganar da muka ce ku riƙe. Daga Kasuwar Kurmi zuwa rafukan Birnin Gwari, daga Dunkwa zuwa Nom, mutum biyu ne kullum a cikin sha'anin zinariya, mai shiga da mai aunawa. Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tarihin nan ya nuna mana kuma cewa samarinmu ba su taɓa barin gida don son rami ko ruwa ba. A shekarun 1930 faɗuwar gyaɗa ta kore su, a zamaninmu rufewar masaƙu, kuma a shekarun da injuna ke ruri a Bompai ba su je ko'ina ba.

Ba mu ce kada kowa ya yi sana'ar nutso ba. Sana'a ce ta halal, ana kuwa bukatar ƙwararrunta a tashoshin jiragen ruwa na Ikko, da wuraren man fetur, da madatsun ruwa irin su Tiga da Kainji. Abin da muke roƙonku shi ne, wanda zuciyarsa ta karkata can ya tsaya ya gama karatunsa, ya riƙe lissafi da kimiyya, ya koyi walda ko gyaran inji, ya nemi horo mai takardar shaida. In ranar ta zo aka kira shi jirgi, ya yi tambaya uku kafin ya tuɓe riga: wa zai riƙe mini mesar iska, wa zai auna abin da na haƙo, kuma Gwamnatin ƙasar ta yarda da wannan aiki? In an kasa ba shi amsa, ya ɗauki jakarsa ya komo gida, iyayensa sun fi son ganinsa hannu wofi da a aiko musu da labari. Allah ya ba mu sana'a mai albarka, ya tsare 'yan'uwanmu da ke cikin rami da ruwa, amin.