Daga Abokin Alƙalami Zuwa Kiran Bidiyo: Yaran Jos da Duniya

Yau a Gangare ko Dilimi ko Unguwar Rogo, ba abin mamaki ba ne ka ga yaro riƙe da wayar babansa yana hira da wani yaro a Kumasi ko Yamai ko Jidda, kowa na ganin fuskar kowa, kai ka ce a zaure ɗaya suke. A wasu ƙasashen ma makarantu kan haɗa aji da aji ta kiran bidiyo, ɗalibai su nuna wa juna abincinsu da suturarsu da wasanninsu. Madalla da wannan. Sai dai cuɗanyar yaran Jos da mutanen wasu al'adu ba yau ta fara ba.

Kuza ce ta tara jama'a a garin nan. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka fara haƙar ta. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos, a 1927 kuma layin dogo na Fatakwal ya iso. Kakanninmu daga Kano da Katsina da Bauchi da Borno suka zauna da Birom da Anaguta da Afizere. Ga Yarbawa, ga Ibo, ga Kwarori masu kantuna, ga Turawa. A barikin kuza Hausa ce harshen kowa. A 1942 'yan mishan suka buɗe makarantar Hillcrest domin 'ya'yansu, har garin ya saba da ganin yaran Amurka da na Turai.

Mu da muka tashi a shekarun 1970 da 1980, benci ɗaya muke zama da Dung da Chinedu da Tunde a firamare, da yamma mu wuce Islamiyya. Ranar Sallah mu kai musu tuwo da nama, ranar Kirsimeti su kawo mana shinkafa. Mai son sanin ƙasar waje kuwa sai ya nemi abokin alƙalami: ya rubuta wasiƙa, ya manna kan sarki, ya kai gidan waya, ya yi makonni yana jiran amsa daga Ingila ko Gana. A lokacin na nesa ne ke da wuyar samu, na kusa kuwa kullum muna tare.

Shekarar 2001 ce ta juya lamarin. A watan Agusta wayar salula ta fara aiki a Nijeriya. Ranar Juma'a 7 ga Satumba rikici ya ɓarke a Jos. A Fabrairun 2002 babbar kasuwar Taminus, inda kowa ke haɗuwa da kowa, ta ƙone. Aka sake yi a Nuwamban 2008 da Janairun 2010. Kowane ɓangare ya yi asarar rayuka da dukiya. Mutane suka sayar da gidaje suka koma cikin nasu, unguwanni suka rabu, makarantu suka bi sahu.

To, ga inda muke. Tun da WhatsApp ya kawo kiran bidiyo a 2016, yaronmu na iya ganin ɗakin wani yaro a Alƙahira, amma bai taɓa taka Unguwar Rukuba ba, alhali kuɗin Keke Napep ne tsakani. Shi ma yaron can labarinmu kawai yake ji. Wanda bai san ka ba kuwa, duk abin da aka faɗa masa a kanka sai ya yarda.

Ba mu ce a raba yara da waya ba. A bar su su san duniya, iyaye da malamai na sa ido. Roƙonmu ga shugabannin makarantunmu shi ne, in za a haɗa aji da aji, a fara da makarantar da ke ƙetaren titi. A gaisa ta bidiyo tukuna, tsoro ya ragu. Daga nan a haɗu ido da ido, ko a gidan tarihi na Jos, ko wajen ƙwallo a filin wasa na Rwang Pam. Waya gaisuwa take kaiwa, zumunta kuwa a ƙafa take.

Allah Ya zaunar da garinmu lafiya, Ya shirya mana zuri'a.