Fassara Amana Ce: Darasi Daga Ƙofar Bebeji

'Yan'uwana matasa, yawancinmu a yau da Turanci muke karanta addini da tarihi a intanet, ba tare da mun tambayi wanda ya fassaro mana ba. Shi ya sa na ga ya dace mu waiwayi rubutu iri uku da Turawan mulkin mallaka suka juya daga Larabci a ƙasarmu.

Na farko wasiƙa ce. A watan Mayu na 1902 Gwamna Lugga ya ce ya sami takarda daga Sarkin Musulmi Abdurrahman, wadda fassararta ta nuna babu abin da ke tsakaninsu sai yaƙi. Da ita, da kuma kisan Kyaftin Moloney a Keffi, ya kafa hujjar kawo hari. A farkon Fabrairun 1903 rundunar Kanar Morland da ta taso daga Zariya ta iso Bebeji, igwa ta fasa ƙofar gari, sarkin garin ya rasa ransa. Ranar 3 ga wata Kano ta faɗi. Abin lura shi ne, asalin Larabcin takardar ya ɓace, fassarar ce kaɗai ta rage. A 1964 D.J.M. Muffett, wanda shi kansa tsohon jami'in mulkin Turawa ne, ya nuna shakku kan ingancinta. Wasiƙar sarakuna tana da lafazin al'ada da malamai suka saba, kuma wanda bai san shi ba yana iya ɗaukar gargaɗi a matsayin shelar yaƙi.

Na biyu tarihi ne. A 1908 H.R. Palmer ya buga Tarihin Kano da Turanci. Nan wahalar tana ga sunaye, domin sunan Bahaushe ko na gari da aka rubuta da baƙaƙen Larabci ba wasali yana iya karantuwa ta hanya biyu ko uku. Sai ɗan ƙasa ne zai raba gardama.

Na uku fiƙihu ne. A 1916 F.H. Ruxton ya fitar da Mukhtasar na Shehu Khalil domin jami'an da ke duba kotunan alƙalai. Amma taƙaitawa ya yi daga fassarar Faransanci, alhali littafi ne da ɗalibi ba ya karanta shi sai da sharhi a gaban malami.

A ganina, wasiƙa tana buƙatar sanin al'ada, tarihi sanin ƙasa, fiƙihu kuwa sanin isɗilahin malamai. Ƙamus kaɗai ba ya wadatarwa. Don haka kafin ka yanke hukunci da wata fassara, ya ɗan'uwa, tambayi waye ya yi ta, daga ina, kuma ina asalin yake.

Allah Ya ƙara mana fahimta, amin.