«Da ka nema, da nawa za a ba ka?» Tarihin kuɗin ruwa tsakanin bankuna

Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba, har banki ma yana da nashi hanjin. Kullum in yamma ta yi an rufe lissafi, wani banki sai ya iske kuɗi sun yi mai yawa, wani kuma ya iske ya gaza, don mutane sun ɗebi fiye da yadda ya zata. Sai mai rara ya ranta ma mai giɓi, na kwana guda, ko mako, ko wata uku, kamar dai yadda ƴan tebur biyu ke ranta ma juna canji ran kasuwar Dutsi. Bambancin shi ne nan akwai kuɗin ruwa, kuma bisa wanga ruwan na tsakanin bankuna ake aza sauran. In banki ya samo kuɗi da tsada, da tsada zai ba ɗan kasuwar Tibiri.

To wa ke faɗin nawa ne ruwan? Nan ne ni, mai karatun harshe, abin ya ja ni, don tarihin nan kusan duka tarihin tambaya guda ne da yadda anka tsara ta.

A 1969 wani ma'aikacin banki ɗan Girka, Minos Zombanakis, ya haɗa bankuna a Landan su ba Iran bashin dala miliyan 80. Ba wanda ya yarda ya tsai da ruwan tun daga farko, don farashin kuɗi na motsi. Sai anka shirya: bayan kowane ƴan watanni za a tambayi bankunan nawa su kansu suke samun kuɗi, a fid da matsakaici, a ɗora ƙari. Dabarar ta bazu, sunan LIBOR ya bi ta. Cikin shekarun 1970 ƙasashen Afirka da dama sun ci bashi da sharaɗin «LIBOR da ƙari». Nijar ma, da kuɗin uraniyom na zuba zamanin Kunce, ta ci bashi wurin bankunan kasuwa. Daga 1979 babban bankin Amurka ya tsuke kuɗi don yaƙar tsadar kaya, ruwan dala ya hau har kusan kashi 20 cikin ɗari, farashin uraniyom kuma ya faɗi. A 1983 Nijar ta tafi gaban masu bin ta bashi a Paris neman sassauci. Shekara ta zagayo fari ya zo, Najeriya ta rufe iyaka, yunwar da tsofaffinmu na Arewa ke kira El Buhari ta iske baitulmali ba ƙarfi. Ba LIBOR ya hana ruwan sama ba, na sani. Amma gwamnatin da ke biyan ruwan bashi ninki, hannunta bai da tsawo ran da rumbuna sunka ƙare.

A 1986 ƙungiyar bankunan Birtaniya ta ɗauki aikin a hukumance. Kowace safiya ana aika ma manyan bankuna tambaya, wadda daga 1998 ta zama haka, in na juya ta da Hausa: da za ka nemi bashi wurin wani banki, mai ɗan auki, gab da ƙarfe 11 na safe, da nawa za ka iya samu? Ku dubi ginin jimlar. Ba a ce «nawa ka biya» ba. An sa «da», kalmar abin da bai faru ba. Wanda ya ce «na sayi tiyar hatsi ɗari shida» ana iya kama shi da ƙarya, don akwai mai awo, akwai shaidu. Wanda ya ce «da na saya, da ɗari shida zan saya», da mi za ka kama shi? A ganina nan ɓarakar take, tun kafin a samu mai son zamba.

An dai yi ɗan shinge. A wajen dala, bankuna 16 ke amsawa a shekarun 2000. Ana zubar da amsa huɗu mafi tsada da huɗu mafi araha, a yi matsakaicin takwas na tsakiya, kamfanin Thomson Reuters ya buga. Haka ake yi ma kuɗi iri 10 da wa'adi 15, wato lamba 150 kullum. Sai dai ko an zubar da amsarka, ta riga ta yi aiki: in ka sauko ƙasa da gangan, ka ture wata ƙaramar amsa ta shiga cikin takwas ɗin. Kuma kwangilolin da ke rataye ga lambar an ƙiyasta su sun kai dala tiriliyan 300, ta yadda ɗan motsi da ido bai gani kan zama dukiya ga wani.

Ƙaryar iri biyu ce. Ta farko ta kwaɗayi: ƴan cinikin banki su roƙi abokin aikinsu mai aika amsa ya ɗan ɗaga ko ya ɗan sauke yau, don cinikinsu ya yi riba. Ta biyu ta kunya ce, kuma ita ta fi ba ni tunani. A rikicin kuɗi na 2007 da 2008 bankuna sun daina yarda da juna. Bankin da ya ce ana ba shi bashi da tsada, ya tona ma kanshi asiri ke nan cewa ƴan uwanshi na tsoron shi. Sai kowa ya riƙa faɗin ƙasa da gaskiya, kamar magidancin da ke hura wuta da yamma don maƙwabta su ga hayaƙi. A watan Afrilu 2008 jaridar Wall Street Journal ta buga cewa lambar ba ta yi kama da gaskiya ba. Sai a Yuni 2012 anka ci bankin Barclays tarar fam miliyan 290, shugabanshi Bob Diamond ya sauka. UBS ya biya kusan dala miliyar 1.5, Deutsche Bank miliyar 2.5 a 2015. Wani ɗan ciniki, Tom Hayes, an yanke mai shekara 14, anka rage zuwa 11. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Yuli 2025 kotun ƙolin Birtaniya ta soke hukuncin nashi, don alƙalin farko ya karkatar da masu yanke hukunci kan abin da ya kamata su auna da kansu: shin amsar da anka aika ra'ayin gaskiya ce ko a'a. Shekara goma ana shari'a kan ma'anar jimla guda. LIBOR na dala ya tsaya ƙarshen Yuni 2023, magajinshi SOFR kuma daga cinikin da anka yi da gaske ake lissafa shi.

Ƙetaren iyaka, Najeriya na da nata, NIBOR, shi ma tambayar bankuna ake. A 2009 bankunan can sun ƙi ranta ma waɗansu ƴan uwansu, sai da babban banki ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya tsaya lamuni ga bashin tsakanin bankuna, sannan ran 14 ga Agusta ya kori shugabannin bankuna biyar, ya zuba naira biliyan 420.

Mu kuma fa? Namu na hannun BCEAO, babban bankin ƙasashe takwas masu sefa, mai mazauni a Dakar tun 1978. Mun ga namu faɗuwar: BDRN, bankin raya ƙasa, ya nitse cikin bashin da ba a biya ba, a 1990 SONIBANK ya gaje shi, a shekarar kuma anka kafa hukumar sa ido kan bankuna a Abijan. Tsarin BCEAO bai tambaya da «da». Bankuna na kai rahoton abin da sunka ranta da gaske, nawa, ruwa nawa, na kwana nawa, kuma tun 2004 manyan kuɗin kan bi ta na'urar STAR-UEMOA, suna barin sawu. Matsakaicin ma ana yin shi ne da nauyin kuɗi: a ce an ranta miliyar 9 a kan kashi 4, da miliyar 1 a kan kashi 8, sakamakon kashi 4.4 ne, ba 6 ba.

Wanga ya fi na Landan gaskiya, amma yana da tashi makantar. Yawancin rancen tsakanin rassan gida guda yake, reshen Abijan ya ranta ma ɗan uwanshi na Yamai, kuma farashin da wa ke yi ma ƙane ba shi ne na kasuwa ba. Sannan rahoton ciniki bai ƙirga wanda anka hana. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da takunkumin da ya biyo ran 30, an daskarar da kuɗin gwamnati a BCEAO, bankunan Nijar sunka shiga ƙarancin takardar kuɗi, ma'aikata na layi ana ba su albashinsu gutsure-gutsure, har anka ɗage takunkumin ran 24 ga Fabrairu 2024. Bashin da ba a bayar ba a watannin nan ba shi da layi cikin kowane matsakaici.

Lambar da ta fi kusa da aljihun mutanen Matankari da Kore Mairuwa wata ce daban: iyakar da doka ta yi ma ruwa, wadda a 2014 anka sauke zuwa kashi 15 ga bankuna, 24 ga ƙananan asusun ajiya da bashi. Bankuna kan ranta ma juna a kan ƴan kashi da ba su kai rabin haka ba. Mai ba da buhun hatsi da damana a biya shi biyu da kaka kuwa, ba ya kai ma kowa rahoto.