Bayin da Suka Zama Kurata: Yadda Aka Fara Ɗaukar Soja a Najeriya

Rundunar sojan Najeriya tana ƙirga shekarunta ne daga 1863, shekarar da wani hafsan sojan ruwa na Ingila, John Glover, ya tara mutum 18 a Ikko ya ba su bindiga. Akasarinsu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu a ƙasar Yarabawa, mutanen da yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 da cinikin bayi suka raba da garuruwansu na Arewa. Da Hausa suke magana, don haka aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Daga wannan ɗan gungu ne sojan Najeriya ya tsiro, kuma 'yan sandan ƙasar ma suna da jijiya a cikinsa.

Glover ya san Arewa kafin wannan lokaci. Yana cikin tawagar Baikie da jirginta ya farfashe a kogin Kwara kusa da Jebba a 1857, kuma zaman da ya yi a yankin ya haɗa shi da masu jin Hausa. Da ragamar mulkin Ikko ta zo hannunsa, sai ya tarar yana bukatar dakarun da za su tsare hanyoyin ciniki, su kuma tsorata sarakunan da ke kewaye. Ɗan gari ba zai yi wannan aiki da zuciya ɗaya ba, domin wanda za a ce ya harba wataƙila ɗan uwansa ne ko surukinsa. Bawan da ya gudo kuwa ba shi da dangi a wurin, ba shi da gona, kuma idan ya bar bariki ubangijinsa na jiransa a waje. Kaki ya zame masa takardar 'yanci, albashi ya zame masa abinci, Bature ya zame masa majingina. Dabarar ke nan: a ɗauki baƙo, a aika shi kan 'yan ƙasa.

Ba a jima ba dabarar ta ƙetare iyaka. A yaƙin da Ingila ta yi da Asante a 1873 zuwa 1874, Glover ya jagoranci runduna daga gefen kogin Volta zuwa Kumasi, kuma domin ya cika sahu har yakan biya masu bayi kuɗi su saki bayinsu ya sa musu kaki. A 1879 aka kafa rundunar tsaro ta Gold Coast, wato Ghana ta yau, bisa wannan tubali. Tsofaffin sojojin da suka yi ritaya a can sun haɗu da fataken goro sun ƙara wa unguwannin zango yawa a Accra da Kumasi. Wakilan Sarki Leopold na Baljiyam sun zo gaɓar Afirka ta Yamma neman irin waɗannan mutane domin rundunarsa ta Kwango, Jamusawa ma sun ɗauke su a Togo da Kamaru.

A bakin Turawan wancan zamani, kalmar "Bahaushe" ta koma sunan sana'a. Sun zo da wata aƙida daga Indiya, cewa akwai ƙabilun da aka halitta domin yaƙi, sai suka ɗora Hausawa a wannan matsayi. Amma wanda ya duba sahun da kyau zai ga Nufawa, Barebari, Zabarmawa, Fulani, Gurunsawa da Mosawa, daga baya kuma Tibi da sauran al'ummun tsakiyar Najeriya. Harshe ne ya haɗa su. Da Hausa ake ba da umurni, hafsoshin Ingila kan zauna jarrabawar Hausa, kuma a bariki aka haifi wata gurguwar Hausa da ake kira Barikanci. Alhaji Grunshi, sojan Gold Coast da ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Togo cikin Agustan 1914, sunansa kaɗai ya isa ya nuna asalinsa. Chari Maigumeri kuwa Babarbare ne da ya fara yi wa Jamus soja a Kamaru, aka kama shi a Garwa a 1915, ya koma rundunar Ingila har ya kai samanja. Akwai bariki mai sunansa a Lokoja.

Abin da ya fi ɗaci a wannan tarihi shi ne ranar da aka juya bakin bindigar ya fuskanci gida. A 1897 dakarun kamfanin Royal Niger suka ci Bida da Ilorin, kuma a shekarar aka ɗora wa Lugard aikin kafa rundunar Afirka ta Yamma, wadda ya gina a Lokoja da Jebba. Wannan runduna ce ta fasa ganuwar Kano a Fabrairun 1903, ta shiga Sakkwato a watan Maris, ta kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi cikin Yuli. Turawan da ke cikinta 'yan kaɗan ne, hafsoshi da masu kula da manyan bindigogi. Masu riƙe da ƙananan bindigogin baƙar fata ne, da yawansu masu jin Hausa, wasu ma tsofaffin bayi ne da daular ta taɓa kamawa ko sayarwa. Al'ummar da ta mai da wani sashe nata haja ta wayi gari wannan sashe ya dawo mata cikin kaki.

Bayan cin ƙasa, salon ɗaukar ya sauya. A 1924 aka buɗe makarantar horar da kurata a Zariya, wadda har yau take aiki. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, hukuma ta bi ta hannun sarakuna da hakimai, su kuma suka bi ta kan dagatai, kuma a wurare da dama wanda ba shi da gata shi aka miƙa. Dubban waɗannan samari ne suka yi yaƙi a Habasha, sa'annan a dazuzzukan Bama cikin runduna ta 81 da ta 82. Manyan gidaje da malamai sun daɗe suna kallon aikin soja a matsayin aikin marasa galihu, ba su cika ba da 'ya'yansu ba.

Wannan ƙyama ta zo da sakamako yayin da 'yancin kai ya ƙarato. Yaƙi ya riga ya nuna cewa runduna na bukatar direbobi, makanikai, akawuna da masu aikin sadarwa, kuma waɗannan gurabu na masu takardar makaranta ne, waɗanda suka fi yawa a Kudu. Sai aka samu runduna mai hawa biyu: masu ɗaukar bindiga daga Arewa, masu sana'a da yawancin sababbin hafsoshi daga Kudu, musamman Gabas. Shugabannin Arewa suka farga, suka shiga makarantu irin su Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wato Barewa, suna jan hankalin ɗalibai. Daga can Zakariya Maimalari da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad suka fito. A 1958 aka kafa tsarin rabo ga kurata, kashi 50 cikin 100 ga Arewa, 25 ga Gabas, 25 ga Yamma, kuma a 1961, zamanin ministan tsaro Muhammadu Ribaɗu, aka faɗaɗa shi ya haɗa da hafsoshi. Tsarin ya gyara lissafi, amma ya bar kowane ɓangare yana zargin ɗaya da cin rabonsa wajen ƙarin girma. Juyin mulki biyu na 1966 sun fashe ne a kan wannan tsaga. Yaƙin basasa ya biyo baya, rundunar da ba ta wuce mutum kusan 10,000 ba ta kumbura zuwa kusan 250,000 a 1970.

Tsarin mulkin 1999, a sashe na 217, ya wajabta cewa hafsoshi da ƙananan sojoji su fito daga kowane ɓangare na tarayya, shi ya sa ake raba guraben ɗauka jiha jiha. Wannan ya amsa tambayar ko daga ina za a ɗauko mutum. Tambayar da Glover ya bari, ta ko a kan wa za a aika shi, tana nan a buɗe. Duk lokacin da ake muhawara kan 'yan sandan jihohi, ko ake ba 'yan sa-kai makamai a Borno da Zamfara da Katsina, ita ake juyawa. Baƙo bai san daji ba, bai san harshe ba, kuma ba ya jin kunyar kowa. Ɗan gari ya san kowace hanya, amma yana da abokan gaba da tsohuwar husuma, kuma gwamna na iya mai da shi dogarinsa. Glover ya zaɓi baƙo domin bukatarsa ita ce a ji tsoron hukuma. Gwamnatin da ke neman jama'a su amince da mai kaki har su kai masa rahoto tana da wata bukata dabam, kuma tun ranar tantance kurata ake fara biyanta ko a fara ɓata ta.