Masu Ganga da Begila: Daga Surulere Zuwa Agege



Duk wanda ya riski filin wasa na ƙasa da ke Surulere a zamanin da yake tashe, in ka tambaye shi abin da ya fi tunawa, da wuya ya fara da ƙwallon. Kiɗan zai fara ambata. An buɗe filin a 1972, ya karɓi gasar wasannin Afirka a 1973, kuma a cikinsa ne Green Eagles ta lallasa Aljeriya da ci 3 da nema ranar 22 ga Maris 1980. Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ɗaya, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa wa Christian Chukwu kofin Afirka na farko da ƙasar nan ta ɗauka. Dattawanmu na Agege da Idi-Araba da suka shiga filin har yau suna ba da labarin yadda wurin ya girgiza.

To amma wannan amo ba daga sama ya faɗo ba. Akwai masu aikinsa, wato ƙungiyar magoya baya ta ƙasa, Nigeria Football Supporters Club, wadda Rafiu Ladipo ya daɗe yana jagoranta. Ƙungiya ce sosai, mai rajista da shugabanni da anko kore da fari. Wuri guda suke zama, masu ganga a tsakiya, masu begila a gefe, mai ba da waƙa a gaba, saura suna amshi. Sirrin kenan. Mutum dubu da suka warwatsu kowa na ihunsa hayaniya kawai suke yi, amma ɗari biyu da suka haɗa baki sai su ja filin gaba ɗaya.

Abin da ya fi burge mu da su shi ne ba sa ajiye ganga don an zura wa Najeriya ƙwallo. A lokacin ma suke ƙara wuta. Wanda ya kalli wasan kusa da na ƙarshe a gasar Atlanta ta 1996, inda Brazil ta kai 3 da 1 kafin Kanu ya juya wasan ya tashi 4 da 3, ya san ana yawan ba 'yan wasa haƙuri da kiɗa fiye da da baki. Sun bi Super Eagles Amurka a 1994 da Faransa a 1998, har kafafen waje suka saba nuno su. Daga baya rikicin shugabanci da na kuɗin tafiye-tafiye ya tsaga tafiyar gida-gida, har ya zama a wasa ɗaya ka ji ganguna biyu suna kishiya. Su ma manyan wasanni suka bar Legas zuwa Abuja da Uyo, Surulere ya zama kufai.

A ɓangarenmu kuwa, ba wanda zai raina 'yan Sai Masu Gida. Kano Pillars, da aka kafa a 1990, ta ɗauki kofin lig a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ta kuma shafe kusan shekara 12 ba a doke ta a gida ba a lig, sai a 2015 Nasarawa United ta karya lagon. Cikar filin Sani Abacha na da babban rabo a wannan tarihi.

Sai dai taro daban, tsari daban. A watan Yunin 2019, nan filin wasa na Agege, Pillars da Rangers ta Inugu suka tashi 1 da 1 a zagayen fitar da gwani, wasu 'yan kallo suka kutsa fili suka auka wa alƙalin wasa. Hukumar lig ta ci kulob ɗin tarar naira miliyan 8. Baƙi suka hau motocinsu suka koma, mu kuwa da muke kwana muna tashi da maƙwabta a nan, mu muka sha tambaya a kasuwa da tasha. Kar kuma a ce halin wani yanki ne: ranar 29 ga Maris 2022, da Ghana ta hana Najeriya zuwa Kofin Duniya, haka aka farfasa kayan filin Abuja, FIFA ta ci tara, ta kuma sa aka buga wasa ɗaya babu 'yan kallo.

A ganinmu, bambancin 1980 da waɗannan ranaku biyu ba yawan son ƙwallo ba ne. Wancan taron yana da jagoran da in ya ɗaga hannu za a saurara, da mambobin da aka san sunansu da unguwarsu. Matasanmu da ke cika mota duk ranar da Pillars ko Katsina United ta zo Kudu suna da murya da kalangu da ƙarfi. Har yau dai ba mu ga littafin rajistarsu ba.