Karatun Dogon Hutu: Tarihin Ikkilisiya a Ƙasar Kazaure

Dogon hutun makarantu a ƙasarmu cikin damina yake faɗowa, lokacin da gero ya fara fid da kai, ɗalibai kuma suka dawo gida taya iyaye noma. Da yamma, bayan an taso daga gona, akwai sa'o'in da za a iya ba littafi. Shawarata ga ikkilisiyoyin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura ita ce su ba wa wannan lokaci tarihin kansu. Matashin da ba ya iya faɗin yadda bangaskiyarsa ta iso garinsu, duk wanda ya ce masa baƙo ne a ƙasar kakanninsa zai bar shi baki buɗe.

Farkon abin dubawa shi ne Littafi Mai Tsarki na Hausa, a karanta shi har da labarin yadda ya samu. Tun a ƙarni na 19 wani Bajamushe mai suna Schön ya fara juya sassansa zuwa Hausa yana zaune a Ingila, da taimakon Dorugu, yaro ɗan ƙasar Damagaram wanda ya bi Barth zuwa Turai. Cikakken littafin bai fito ba sai 1932, bayan doguwar wahalar Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, Turawa da Hausawa. Wanda ya sami tsohon bugun a akwatin kakansa, ya ajiye shi gefen fassarar da ake karantawa yau a majami'a, ya ɗauki Zabura guda ya gwada. Zai ga yadda Hausa kanta ta yi tafiya a tsakaninsu.

Daga nan sai littafin da na fi so a tsaya a kansa, wato Who Shall Enter Paradise? na Shobana Shankar, wanda ya fito a 2014. Dalilina shi ne ya sauko har ƙofar gidanmu. Turawan mulki sun daɗe suna tsare mishan daga masarautun Musulmi, sai a ƙarshen shekarun 1930 ƙungiyar SIM ta karɓi kula da kutare a Yadakunya ta Kano, Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. Ta wannan ƙofa ta jinya aka shigo, har aka kai ga makarantar kwana ta 'yan maza a Roni. Abin da ya fi kama ni a littafin shi ne inda ya ajiye Bature gefe, ya nuna majinyata da suka warke, da malaman asibiti, da masu yawon bishara, waɗanda suka ɗauki karatun boko da Linjila zuwa ƙauyuka. Ba littafin yabo ba ne. Ya faɗi inda mishan suka yi wa mabiyansu kallon yara. Wannan, a ganina, shi ya sa ya cancanci ikkilisiya ta karanta shi.

Mutanen Babura, da iyakar Nijar ke bayan gidansu, za su ƙaru da littafin Barbara Cooper na 2006, Evangelical Christians in the Muslim Sahel, kan Kiristocin Maraɗi da Tsibiri: harshe ɗaya, mishan ɗaya, amma ƙarƙashin Faransa. Mai son jin bakin mishan da kansu kuwa, akwai Seven Sevens of Years and a Jubilee na Rowland Bingham, wanda ya iso Legas a 1893 tare da Walter Gowans da Thomas Kent, su biyun suka rasu kafin shekara ta 1894 ta ƙare. A karanta shi da lura, domin mutum ne ke ba da labarin aikinsa. Ikkilisiyar ECWA, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1954, daga wannan aiki ta tsiro.

Sai dai akwai ƙashi a cikin naman: ban da Littafi Mai Tsarki, duk waɗannan da Turanci suke. Tsohuwar da ta haddace rabin Littafin Waƙoƙi a zumuntar mata, labarin tsararta ne a ciki, amma ba za ta iya karanta shi ba. Saboda haka karatun bai kamata ya zama na mutum ɗaya a ɗaki ba. Ɗalibin da ya dawo daga jami'a ya ɗauki babi guda a mako, ya bayyana shi da Hausa bayan sujada, dattawa su gyara masa inda marubuciya ta yi kuskuren suna ko ta tsallake wani ƙauye. A cikin masu gyaran za a iya samun wanda ya zauna a ajin makarantar Roni, ko wanda mahaifinsa Bamaguje ne da ya fara karɓar baftisma a gidansu. Irin waɗannan sun haura saba'in. A ajiye waya a gabansu tana naɗar murya, a kuma rubuta sunan ƙauyen da shekarar kafin a koma makaranta.